Wayar da ta ajiye kayanta a gajimare

Ranar sunan ɗan ƙanena, ana tsakiyar hidima, gwaggona ta aiko a kira ni daga zaure, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, duba mini abin nan, tun ɗazu nake so in ɗauki jaririn ta ƙi." Da na duba sai na tarar da saƙon da kusan duk mai babbar waya ya sani, wato wurin ajiya ya cika, sai an goge wani abu kafin wani ya shiga. Na jawo kujera na zauna kusa da ita muka shiga tantancewa. Akwai bidiyon gaisuwar Juma'a guda ɗaya da ya shigo sau huɗu daga zaurukan WhatsApp daban-daban, akwai karatuttuka na murya masu tsawon minti arba'in-arba'in, akwai hotunan atamfa da leshi da wata dillaliya take turowa tun kafin azumin bara. Duk wanda na ɗora yatsa a kai sai ta ce, "A'a, bar wannan, ina so." Sai da muka kwashe kusan rabin awa kafin mu samar wa jaririn gurbin hoto biyar, kuma kafin mu gama ya yi barci an mayar da shi ɗaki.

Wannan zaman ne ya tuna mini da wata waya da na daɗe ina bibiyar labarinta, wadda aka ƙera musamman don kada mai ita ya taɓa ganin irin wannan saƙon. Sunanta Robin, kuma wani ƙaramin kamfani ne mai suna Nextbit da ke San Faransisko a Amurka ya fito da ita. Waɗanda suka kafa kamfanin, Tom Moss da Mike Chan, sun yi aiki a kan Android a Google, sannan suka ɗauko Scott Croyle, wanda ya shugabanci sashen zayyana wayoyi a kamfanin HTC, don ya tsara mata siffa. A watan Satumba na 2015 suka kai ƙoƙon bararsu shafin Kickstarter, inda jama'a kan biya kuɗin kaya tun kafin a ƙera shi, suna neman dala 500,000. Sun samu sama da dala miliyan 1.3. A watan Fabrairu na 2016 wayar ta fara isa hannun mutane, farashinta dala 399.

Idan aka dubi kayan cikinta, babu wani abin da zai sa a juyo a sake kallo. Fuskarta inci 5.2, kyamarar baya megafiksel 13, wurin ajiya na cikin waya gigabait 32, kuma babu ramin saka memori. Siffarta dai ta fita daban, domin tana da kusurwa huɗu masu kaifi, da launin kore mai haske irin na alawar minti, a lokacin da sauran kamfanoni suke ta fito da baƙi da ruwan zinare. Abin da aka sayar da ita a kansa shi ne ƙarin gigabait 100 da kamfanin ya ba kowane mai ita kyauta a intanet, da kuma dabarar da wayar take bi wajen kai kaya can da dawo da su ba tare da mai ita ya sa hannu ba.

Dabarar ta cancanci a tsaya a kanta, domin a ganina ita ce ta fi wayar kanta daraja. Duk lokacin da aka jona Robin a caji kuma tana kan Wi-Fi, sai ta kwafi manhajoji da hotunan da ke cikinta ta tura ma'ajiyar kamfanin, wasu ƙananan fitilu huɗu da ke bayanta, ƙarƙashin hoton gajimare, su riƙa kamawa don a san aikin yana tafiya. A wannan matakin ba ta goge komai. Tana dai lura da manhajojin da mai ita yake buɗewa kullum da waɗanda ya yi watanni bai waiwaya ba. Sai ranar da wuri ya kusa cika, sannan ta cire waɗanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba, tunda ta riga ta san akwai kwafinsu a can. Alamar manhajar da aka cire ba ta ɓacewa daga fuskar waya, launinta ne kawai yake komawa ruwan toka, kuma da an taɓa ta sai wayar ta sauko da ita, mutum ya tarar da ita yadda ya bar ta. Hotuna kuwa, takan bar ƙaramin kwafi wanda ya isa kallo a waya, ta ajiye cikakken a can. Idan akwai manhajar da mutum ba ya so a taɓa ko da bai cika buɗe ta ba, kamar ta banki, sai ya ja alamarta ƙasa da yatsa ya kafe ta.

Wanda ya tashi a gidan manomi ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Ba a tara dukan hatsin shekara a ɗakin girki. Wanda za a ci cikin mako shi ne a kusa, sauran yana rumbu, idan aka buƙata a aika yaro ya ɗebo. Bambancin dai shi ne rumbun manomi a gidansa yake, shi ya gina shi, shi yake riƙe da makullinsa, alhali rumbun Robin yana gidan wani.

Kalmar gajimare da Turawa suka laƙaba wa wannan ajiya tana rikita mutane, kuma na taɓa jin wani yana bayani da gaske cewa hotunan suna yawo ne a sararin sama tauraron ɗan'adam yana riƙe da su. Abin da ake nufi gine-gine ne manya, cike da kwamfutoci jere a kan kantoci, waɗanda ba a kashe su dare da rana, suna cin wutar lantarki mai yawa, suna kuma buƙatar a riƙa sanyaya su. Google, alal misali, yana da irin wannan cibiya a garin Hamina na ƙasar Finlan, a cikin wata tsohuwar masana'antar takarda, inda ake jawo ruwan teku don sanyaya na'urorin. Hoton da aka ɗauka a Kano aka tura irin wannan ma'ajiya yakan tashi daga waya zuwa turken sabis, ya bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa Legas, daga nan ya shiga igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku. Mun ga hakan ƙarara ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da huɗu daga cikin waɗannan igiyoyi suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta ɗingishi a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu na kwanaki. Duk wanda kayansa suke can kaɗai, a waɗannan kwanakin sai dai ya yi haƙuri.

Tun lokacin da nake karanta bayanin Robin, sharuɗɗan nan biyu, caji da Wi-Fi a lokaci guda, su suka fara tsaya mini a rai. A San Faransisko wannan ba sharaɗi ba ne da za a ma lura da shi, domin mutum yana komawa gida da dare ya jona waya kusa da gado, intanet ɗin gida wadda ba a auna ta da mudu ta kama da kanta, kafin gari ya waye an gama komai. A unguwarmu kuwa, waya takan yi caji ne a shagon mai caji, cikin jerin wayoyi hamsin da aka liƙa wa lambobi, janareta yana ruri a waje, kuma babu Wi-Fi a wurin. Intanet ɗin da yawancinmu muke da ita data ce ta layi, wadda ake saye a ƙididdige, kuma tun bayan da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin sadarwa a watan Janairu na 2025, kowa ya ƙara sa ido a kan inda take tafiya. Bidiyon minti ɗaya mai kyau yakan ci daga megabait 60 zuwa 130, gwargwadon wayar da ta ɗauka. Wanda ya ɗauki minti goma na kamun amarya ya tura ma'ajiya, ya kashe abin da ya kai gigabait ɗaya ko kusa da haka, kuma duk ranar da yake son cikakken bidiyon ya dawo sai ya sake biya. Kyautar gigabait 100 tana da daɗin ji, amma kuɗin motar kai kayan da na ɗauko su a kan mai kaya yake. Ita Robin ma, a farkon fitowarta, ba ta kwashe bidiyo, alhali shi ne ya fi komai cika waya.

Duk da haka ba tsadar data ce ta kawo ƙarshen Robin ba. A watan Janairu na 2017, kafin wayar ta cika shekara a kasuwa, kamfanin Razer mai ƙera kayan wasannin kwamfuta ya sayi Nextbit, aka daina sayar da ita, ma'aikatan suka koma aikin wata waya ta daban wadda ta fito a watan Nuwamba na shekarar da sunan Razer Phone. Ranar 1 ga Maris na 2018 aka rufe ma'ajiyar, aka ba masu wayar zuwa 1 ga Afrilu su kwashe kayansu. Ba za a ce an ci amanar kowa ba, tunda an yi sanarwa kuma an ba da wa'adi. Sai dai wanda ya biya dala 399 saboda alƙawarin cewa wayarsa ba za ta taɓa cika ba, bayan shekara biyu ya wayi gari da waya mai gigabait 32 wadda ko ramin memori ba ta da shi. Zanen aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara.

Kafin Robin ma an ga abin da ya fi wannan muni. Wayar Sidekick, wadda kamfanin T-Mobile yake sayarwa a Amurka kuma matasa suka yi yayinta sosai, tana ajiye lambobin mutane da jadawalinsu da hotunansu ne a kwamfutocin kamfanin Danger, wanda Microsoft ya saya a 2008. A watan Oktoba na 2009 kwamfutocin suka sami matsala, mutane da yawa suka buɗe wayoyinsu suka tarar babu lamba ko ɗaya. Har gargaɗi aka yi wa jama'a kada su cire batir ko su bari caji ya ƙare, domin ɗan abin da ya rage a cikin wayar zai iya tafiya. Daga baya Microsoft ya ce ya dawo da mafi yawan bayanan, amma an yi kwanaki ana zaman zullumi.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, wayar ta mutu amma dabararta ta shiga ko'ina. A 2017, da Apple ya fito da iOS 11, wato sabon tsarin da wayoyinsa na iPhone suke aiki da shi, ya sa tsarin da yake cire manhajojin da ba a amfani da su ya bar bayanansu da alamarsu, da ɗan hoton gajimare a gefen suna, a taɓa su dawo. Google ya kawo makamancinsa a Play Store a 2023, sannan ya shigar da shi cikin Android 15 a 2024. Barin ƙaramin hoto a waya da ajiye babban a intanet kuwa ya zama ruwan dare. Ke nan yau kusan kowace babbar waya, har da irin ta gwaggona, tana iya yin mafi yawan abin da Robin ta yi taƙama da shi. Abin da ya bambanta su shi ne masu riƙe da rumbun yanzu manyan kamfanoni ne waɗanda ba a tsammanin a wayi gari wani ya saye su.

Girman kamfani dai bai hana shi sauya magana ba. Lokacin da aka buɗe Google Photos a watan Mayu na 2015, an ce kowa ya tura hotuna iya son ransa kyauta muddin ya yarda a ɗan rage musu nauyi. Mutane suka saki jiki na tsawon shekara shida, har ranar 1 ga Yuni na 2021, daga nan kowane sabon hoto ya koma ana lissafa shi cikin gigabait 15 da ake bayarwa kyauta, wanda kuma hotuna suke rabawa da Gmail da Drive. Daga farkon 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga wannan lissafin, kuma wanda ya san yadda zaurukan dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai suke zubo bidiyo ya san gigabait 15 ba za ta yi nisa ba. Apple tun da ya buɗe ma'ajiyarsa ta iCloud a 2011 gigabait 5 yake bayarwa kyauta. Microsoft kuwa a ƙarshen 2015 ya sanar da rage kyautar ma'ajiyarsa ta OneDrive daga gigabait 15 zuwa 5. Ni ban ga laifinsu a neman kuɗi ba, domin wutar da cibiyoyin nan suke sha ba kyauta ake ba su ba. Abin lura dai shi ne idan hotunan mutum na shekara goma suka taru a wuri ɗaya, kwashe su ya zama aiki babba, yawanci biyan kuɗin wata-wata yakan fi masa sauƙi, kuma kamfanonin sun san da haka.

Akwai kuma wata matsala da ta fi duk waɗannan kusa da mu, wadda ban taɓa ganin an tattauna ta a sharhin da ake yi wa wayoyi a waje ba. Wani abokina ɗan kasuwa, mai sayar da yadi, an zare masa waya a cikin adaidaita sahu. Da muka haɗu ya ce shi ba wayar ce ta dame shi ba, lambobin abokan cinikinsa ne, da hotunan shafukan littafin bashi da yake ɗauka duk ƙarshen mako, da hotunan mahaifinsa wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. Na kwantar masa da hankali na ce wataƙila duk suna nan a ajiye, tunda irin wayarsa takan kwafi lambobi da hotuna da kanta. Muka sayi sabuwa, muka zauna a shagonsa, na ce ya ba ni adireshin imel ɗinsa da lambar sirri. Ya dube ni ya ce, "Wallahi Malam, yaron da ya saita mini wayar ranar da na saya shi ya buɗe, ni ban ma san me ya rubuta ba." Muka je kasuwar waya neman yaron, aka ce ya daɗe da barin wurin. Da ƙyar muka gano adireshin daga wani tsohon saƙo da ya taɓa tura wa ƙaninsa, amma da muka nemi sauya lambar sirri sai aka tura lambar tabbatarwa zuwa wani layi da ba mu sani ba, mai yiwuwa na yaron ne. Ga dukkan alamu kayansa suna nan lafiya a wata kwamfuta a wata ƙasa, babu abin da ya taɓa su, amma ba shi da hanyar nuna cewa nasa ne. Kuma irin wannan akwatin ba ya jira har abada, domin Google, misali, tun watan Disamba na 2023 ya ba kansa damar share asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba.

Tun daga ranar na daina yi wa masu dogaro da memori kallon waɗanda aka bari a baya. Ba banza ba kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da Itel, ya ci gaba da barin ramin memori a yawancin wayoyinsa bayan manyan wayoyi masu tsada sun toshe nasu, kuma ba banza ba har yanzu ake samun masu tura karatu da waƙoƙi da fina-finai a memori a bakin kasuwa, ko abokai su tura wa juna ta Xender ba tare da an taɓa data ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma memori ma yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Idan aka sace waya tare da shi ake tafiya, yana lalacewa ba tare da gargaɗi ba, sannan jabu ya yi yawa, irin wanda aka rubuta masa gigabait 64 amma da ya wuce 8 sai hotuna su fara buɗewa rabi-rabi. Da abokina ya san lambar sirrinsa, da gajimaren nan da nake ta kawo aibinsa shi ne zai dawo masa da fuskar mahaifinsa, abin da babu memorin da zai iya yi masa bayan wayar ta bar hannunsa.

Saboda haka ni yanzu na raba ƙafa. Lambobin waya da takardu da hotunan da ba zan iya jure rasa su ba, waɗanda duka ba su kai gigabait uku ba, na bar su suna tafiya ma'ajiyar intanet, kuma na saita wayar kada ta tura komai sai na sami Wi-Fi a wurin aiki. Bidiyo da karatuttuka suna memori, kuma duk bayan wata biyu ko uku nakan kwafe komai zuwa kwamfuta. Tsarin cire manhajojin da ba a amfani da su kuwa na kashe shi, tun ranar da na tsaya a layin biyan kuɗi a wani wuri mai raunin sabis ina kallon wata manhaja tana saukowa da kaɗan-kaɗan, mutanen bayana suna tsaki.

Ita gwaggo, bayan suna da mako guda na koma na saka mata memori mai gigabait 32, na hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, na buɗe mata sabon imel da layinta na ainihi, na rubuta adireshin da lambar sirrin a takarda. Ta karɓa ta ninke ta sau huɗu ta sa a cikin kwallar da take ajiye takardun gida da sarƙarta ta aure. Da na yi mata bayanin cewa hotunan jikokinta yanzu suna da kwafi a wani gini a ƙasar Turawa, sai ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko su mutanen can suna kallon hotunan. Na ce mata na'ura ce take ajiyewa, kuma kamfanin yana da dokokin da ya ɗora wa kansa a kan hakan. Ta ce to, amma wanda aka ɗauke ta ba mayafi a cire shi daga can.